Baba Manzo da Kanwar Sarkin Noma

Wanda Ya ba da rai Ya karɓi abinSa, mu ma kuma can muka nufa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 1968, cikin watan Safar, da hantsi, Allah Ya yi wa Baba Manzo tsohon soja rasuwa a gidansa da ke Tudun Aduwa, ƙauyenmu na ƙasar Falanko. Ina cikin aji ina koyar da lissafi aka zo bakin taga aka faɗa mini. Na sallami yara, na tafi, aka yi masa sutura kafin azahar. Tarin da ya dawo da shi daga soja, wanda ya daɗe yana cin ƙirjinsa, shi ya zama sanadi.

Baba Manzo, na ga waɗanda suka cika sahu a kan gawarka, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu sun yi kaka da rani ba su amsa sallamarka ba. Ranar nan kuwa har ture juna suke wajen kama makara. A zaman makoki sun yabe ka har bakinsu ya bushe, don sun san ba za ka tashi ka tambaye su inda suke lokacin da kake bukatar kalma ɗaya daga gare su ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina so yaran da nake koyarwa su girma sun san ko wane ne kai, su kuma san yadda gari guda kan ga gaskiya da ido ya rufe baki.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ne ba, ƙarya ba ta amfanin mamaci. Kana da zafin baki, kana da ji da kai, kuma ba ka iya ganin aikin banza ka wuce shi shiru. Ranar da na iso garin nan baƙo, da kekena da ya tsinke sarƙa tun daga hanya, kai ka fara tare ni. Ka dubi keken, ka dube ni, ka kira ni da laƙabin da ake kiran malamin boko a nan, ka ce, "Mushe, kai za ka koya wa 'ya'yanmu hankali, ga kekenka rabonsa da mai tun yana kanti?" Na ji haushi. Washegari da safe na tarar da keken a ƙofar lakwal, wato makarantarmu ta boko, an haɗa sarƙar, an shafa mai, an ɗaure birki. Tun daga ranar kuma ƙwaryar furar matarka Lantana ba ta yanke zuwa ɗakina ba har na yi aure. Fitilun matan garin nan, keken ɗinkin tela, ƙofar ajinmu da iska ta karya, duk sun bi ta hannunka. Kakan yi faɗa tun daga fara gyara har ƙarewa, sannan ka miƙa wa mai abu abinsa ka juya baya kafin ya yi godiya.

Bara waccan ma'aikatan gona na Tanut suka kawo wa ƙungiyar manoman garinmu wata 'yar ƙaramar tarakta, da sharaɗin in an kula da ita a bar mana, in an lalatar a ɗauke. Ba ta fi jaki tsawo ba, ja ce, tana jan 'yar garma. Mutane suka sa mata suna Jar Karsana. Tunda kai kaɗai ka san inji a garin, ka koya a soja, kai aka damƙa wa ita. A bisa injin akwai wata buɗaɗɗiyar tukunyar ƙarfe da ake cika wa ruwa don ya sanyaya shi, ruwan yana tafasa yana raguwa ana ƙarawa. Ka ajiye randa guda a zaurenka, ka tara ruwan sama a ciki, kakan tace shi da ƙyalle kafin ka zuba mata. Ruwan rijiya ma ba ka yarda da shi ba, ka ce yana da gishiri.

A nan Sarkin Noma Ɗan Azumi ya shigo, shugaban ƙungiyar manoma, mai gonar da ta fi ta kowa faɗi da rumbunan da rabin gari ke ci daga cikinsu in bazara ta yi tsanani. A ƙasar nan duk abin da ke aiki ana ba shi kanwa. Raƙumi, sa, doki, jaki, har mai jego ana dama mata kununta. Sarkin Noma ya ga abu yana jan garma, ya ce lallai a jiƙa masa kanwa ya yi ƙarfi. A gabana kuka yi wannan magana a ƙofar masallaci.

Ka ce, "Sarkin Noma, ba ta da hanji. Ruwan sama take sha, shi ma tatacce."

Ya ce, "Abu yana gumi, yana tari, yana jin ƙishirwa, ka ce ba ya son kanwa? Manzo, Nasara sun cinye maka hankali a bariki."

Aka yi dariya. Duk abin da Sarkin Noma ya faɗa a garin nan dariya ake yi, tun kafin ya gama faɗa.

Damanar bara tarin ya tsananta, aka kwantar da kai asibiti a Damagaram. Kana fita gari Sarkin Noma ya sa aka turo Jar Karsana daga zaurenka zuwa nasa. Kullum da safe yana jiƙa kanwa a ƙwarya, mai kauri kamar ta raƙumi, yana ɗura mata da hannunsa a gaban kowa, yana cewa yanzu ne za ta san ta zo gidan masu dabba. Da noma ya kai, sai ya kira gayya a gonarsa, ya kawo makaɗa, ya ce za a yi tsere: samarin gari da hauyoyinsu a gefe ɗaya, shi da Jar Karsana a gefe ɗaya. Ni lokacin ina Damagaram wajen ƙaro ilimi na malamai, ban gani da idona ba, amma babu yaro a ajina da bai gani ba, kuma bakinsu ɗaya ne.

Ya hau da babbar riga, mutumin da iyakar saninsa da inji shi ne ya taɓa tsayawa yana kallon ka. Makaɗa suna kirari, shi yana ƙara mata wuta. Rana ta take, ruwan tukunya ya ƙafe, bai duba ba, hankalinsa na wajen masu ganga. Ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, samari suka wuce shi. Da ya ga za a ji kunya sai ya sauka, ya fizge salkar da aka rataya a inuwa, mai ruwa mai sanyi, ya juye ta kaf a kan injin da ya yi zafi, yadda ake yi wa doki bayan sukuwa. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙara kamar an fasa tukunya a wuta. Daga nan ba ta sake motsi ba. Da igiya aka jawo ta gida, jakuna biyu a gaba.

Kafin magariba labari ya riga ya gyaru. Wai Manzo ne ya ɗaure ta da asiri kafin ya tafi, don baƙin cikin kada wani ya hau. Sarkin Noma ya faɗa sau ɗaya, gari ya ɗauka. Dattawan da suka riƙe masa ƙwaryar kanwa da hannunsu su suka fi kowa rantsuwa. Wane ne zai ce wa mai rumbu ya yi wauta, alhali bai san abin da kaka za ta kawo ba? Ka dawo daga asibiti da rama, ka tarar an yi maka suna: Manzo mai baƙin ciki. A masallaci in ka tsaya sai na kusa da kai ya ja da baya. A bakin rijiya mata suna tambayar Lantana ko za ta ɗaure musu gugansu su ma. Da na dawo na yi magana a dandali, aka ce mushe baƙo ne, ya tsaya ga allonsa da allinsa. Mutanen da suke aiko mini 'ya'yansu in koya musu faɗin gaskiya su suka ce in yi shiru.

Ba ka je ƙofar kowa neman a wanke ka ba. Ka sa aka dawo da ita zaurenka, ka kwance kan injin, wato murfin ƙarfen nan mai nauyi da kake kira kulas. Ka aiko a kira ni in zo da yaran aji, ka ce darasin yau a nan za a yi shi. Ka nuna mana hanyoyin da ruwa ke bi a cikin ƙarfen, duk sun toshe da wani farin abu mai tauri. Ka ɓanɓaro kaɗan da wuƙa, ka ɗora a harshe, ka tofar, ka miƙa mini, ni ma na miƙa wa yaran. Kanwa ce, ko jariri zai gane. Ka nuna mana tsagar da ruwan sanyi ya yi, siririya kamar gashi. Sannan ka zaro sufaf guda biyu, ƙarafan nan masu doguwar ƙafa da faffaɗan kai, ɗaya na buɗe wa iska ta shiga, ɗaya na buɗe wa hayaƙi ya fita. Na hayaƙin ya ƙone, bakinsa ya gutsure kamar ɓera ya ci.

Ka ce wa yaran, "Ku duba da kyau. Ƙarfe ba ya ƙarya, ba ya kuma tsoron mai rumbu. Abin da aka yi masa shi yake nunawa."

Ka ɗauki farar kanwar nan a tafin hannu ka kai dandali. Dattawa suka kalle ta, suka kalli ƙasa. Wani ya ce ai asiri ma fari yake fitowa. Ban taɓa jin magana mafi arha da ta fito daga bakin mai furfura ba.

Sabon kulas babu shi a Tanut, babu shi a Damagaram. Mutum ɗaya ya tsaya maka, Rissa, maƙerin Buzaye da ke sauka bayan gari da rani, abokinka na shan shayi. Shi ba ya cin hatsin kowa a garin nan, don haka idonsa na gani. Ku biyu kuka kwashe rani a kan ƙarfen nan, ni kuma nakan zo bayan an tashi lakwal in zauna in kalla.

Kun fara da kankare kanwar da waya da tsinke har hanyoyin ruwa suka buɗe. Ka huda 'yar ƙaramar kafa a kowane ƙarshen tsagar, ka ce in ba a yi haka ba za ta ci gaba da tafiya kamar yagewar zane. Rissa ya binne kulas ɗin cikin gawayi, yana zuga a hankali har ƙarfen ya ɗau zafi ko'ina daidai, sannan ya narkar da farar tagulla ya bi tsagar da ita. Ba ku fitar da shi iska ta buge shi ba, cikin toka mai zafi kuka bar shi ya huce don kansa. Na farko bai kama ba, kuka kankare kuka sake. Hayaƙin gawayin nan yana shiga ƙirjinka, kana tari har ka dafa ƙasa, Rissa yana cewa ka koma inuwa shi zai ƙarasa, kai kana ce masa ya yi zugarsa ya bar maka ƙirjinka.

Sufaf ɗin da ya ƙone ba ya gyaruwa. Rissa ya hau raƙuminsa har Belbeji, inda ya san akwai wani mataccen injin jan ruwa da aka yasar, ya ciro nasa ya kawo. Ya ɗan fi girma, ka rage shi da zarto. Sai aikin da ya fi cin rai, wato zaunar da shi a mazauninsa yadda ko numfashi ba zai wuce ba. Ka daka dutsen wasa ya yi laushi, ka kwaɓa da mai, ka shafa a bakin sufaf ɗin, ka liƙa masa sanda da ƙaro, kana murza ta tsakanin tafukanka kamar mace na burga miya. Ka murza, ka ɗaga, ka juya, ka sake murzawa. Lantana takan leƙo ta ce da ta san ka iya burgi haka da ta daɗe da bar maka tukunya. Kakan ce mata miyarka ba a ci da tuwo. In ka ga kamar ya zauna, sai ka kifa kulas ɗin ka zuba kananzir a kan sufaf ɗin ka jira. In ya tsatso ta ƙasa, ka goge ka koma murza. Ranar da kananzir ya tsaya cak bai ɗiga ba, ka kira ni ka nuna mini, har na ga haƙoranka, abin da ba a cika gani ba.

Fuskar kulas ɗin ta ɗan karkace saboda zafi, ka goga ta a kan gilashin tagar wata tsohuwar mota har ta miƙe. Saura shimfiɗar jan ƙarfe da ake sawa tsakanin kulas da gangar inji, ita ma ta ƙone. Lantana ta shiga ɗaki ta fito da farantin jan ƙarfe na kayan aurenta, ta ajiye a gabanka. Ka ce mata ta mayar. Ta ce, "Malam, da sunanka ake zagina a rijiya. Yanka." Ka yanka.

Ka gama komai, saura ɗaurawa. Ka zaunar da ni da Rissa ka nuna mana yadda ake ɗaure kusoshin, kaɗan kaɗan, wannan sannan na daura da shi, ba a bin su a jere. Na ce ai kai za ka ɗaura da hannunka. Ka ce, "Mushe, kai dai ka riƙe." Ka naɗe kulas ɗin cikin bargonka na soja, ka tura ƙarƙashin gado, ka kwanta a kai. Ba ka sake tashi ba.

A zaman makoki Sarkin Noma ne a kan tabarmar gaba. Ya aiko da dammunan hatsi, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwansa ya mutu, yana cewa gari ya yi rashin gwani. Dalilin bai daɗe a ɓoye ba. Saƙo ya zo cewa ma'aikatan gona za su zo kafin shuka, in Jar Karsana ba ta tashi za su tafi da ita, kuma shugaban ƙungiya za a tambaya. Ranar sadakar uku ya matso jikin zana, inda Lantana, uwar 'yarka Zalika, ke zaune a ciki tana takaba.

Ya ce, "Uwar Zalika, ya haƙuri? Ƙarfen nan da marigayi ya gyara, na ƙungiya ne. A fito da shi a ɗaura, don ladan ya isa gare shi."

Ta ce, "Sarkin Noma, haƙuri da godiya. Ƙarfen yana nan ƙarƙashin gadon da ya mutu a kai, da farantina a jikinsa. A ƙofar masallaci aka ce Malam ya ɗaure ta. A can za a faɗi wanda ya ba ta kanwa, sannan ya fito."

Ya ce, "Haba, uwar Zalika. Wanda ya tafi ai ya tafi, me magana za ta ƙara masa?"

Ta ce, "Shi ba ta ƙara masa komai. Zalika da ƙannenta ne za su ci gaba da amsa sunansa."

Ya tura mata dattawa, ya tura mata matansa da ƙwaryar goro. Ta karɓi gaisuwa, ta mayar da goro. Mace mai takaba ba a shiga ɗakinta a ƙwace abu, wannan kam ko su sun sani.

Ranar Juma'a bayan an sallame, da hadari ya fara leƙowa ta gabas, Sarkin Noma ya miƙe. Kada wani ya ce nadama ce ta tashe shi. Hadarin ne da mutanen Tanut. Ya gyara riga, ya yi gyaran murya, ya ce, a game da Jar Karsana, an ɗan sa mata kanwa bisa kuskure, an kuma zuba mata ruwa, Allah Ya kiyaye gaba. Zai zauna ke nan sai Rissa, daga can sahun baya, ya ce, "Sarkin Noma, ni Buzu ne, Hausata gajeriya ce. An sa, an zuba. Wa ya sa?"

Sarkin Noma ya waiwaya. Ya dubi dattawansa, kowa na duban tabarma.

Ya ce, "Ni ne. Manzo bai ɗaure komai ba."

Nan take bakuna suka buɗe. Wannan ya ce shi dama ya gani, wancan ya ce shi tun farko bai yarda ba. Mutanen da suka rantse bara suka sake rantsuwa bana, a kan kishiyar maganar, ba tare da ko ƙifta ido ba. Na dube su na rasa wanda zan fi rainawa, wanda ya yi ƙaryar ko waɗanda suka ɗauke masa ita har kabarinka.

Da la'asar Lantana ta miƙo bargon ta saman zana. Ni da Rissa muka ɗaura yadda ka nuna, wannan sannan na daura da shi. Muka ɗebo daga randarka, sauran ruwan damanar bara da ka rufe da faifai, muka tace muka zuba. Rissa ya juya hannun tayarwa. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake juyawa, ta kama, ƙararta ta cika gari, daidai, ba shaƙewa, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a inda tsagar take. Yaran ajina suka bi ta da gudu har dandali. Lantana ba ta fito ba, tana takaba, amma an ce ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara har aka kashe.

Ku yarana, ku da kuka ɗanɗana kanwar nan a zauren Baba Manzo, ku riƙe abin da kuka gani. Watarana za ku tsaya inda iyayenku suka tsaya, mai rumbu a gabanku, gaskiya a tafin hannun wani. Ina roƙon Allah kada ku dubi tabarma.

Baba Manzo, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka zafin bakinka saboda aikin hannunka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Lantana, da Zalika da ƙannenta, da Rissa, da 'yan'uwanka na Falanko da na Damagaram. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Ƙungiya ta yanke cewa gonarka za a fara nomewa bana, kafin ta Sarkin Noma. Randarka tana nan a zaure, mun wanke ta mun buɗe bakinta, tana jiran ruwan farko.

Attahir Sidi, malamin lakwal, Tudun Aduwa